Layi Goma Sha Biyu

Ranar Talata da hantsi 'yar Malam Sake ta yi sallama a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, da baƙar leda a hannunta. Anti Gwaji na zaune ta manna idanunta a madubin duba ƙwayoyin cuta, ta amsa ba tare da ta ɗago ba, sai da ta gane muryar sannan ta juyo.

Anti Gwaji suna ne da nas-nas suka laƙaba mata, ya bi ta har gida. Shekararta goma sha tara a wannan ƙaramin asibiti, kuma Malam Sake ne ya koya mata aikin tun ba ta iya riƙe gilashi ba. Shi ma ba sunansa ba ne. Duk abin da ka duba ka kai masa, kafin ya kalli takardar zai ce, "Sake." Shekara huɗu da suka wuce ya ajiye aiki, wata biyu ke nan da rasuwarsa.

"Anti, ɗakin Baba muke gyarawa muka ga wannan a aljihun tsohuwar rigarsa ta aiki," in ji yarinyar. "Umma ta ce kayan asibiti ne, a maido, kada ya zame masa nauyi."

Ɗan akwatin katako ne, bai fi tsawon yatsa ba. Anti Gwaji ta buɗe. A ciki, kan wani jan ƙyalle da ya koɗe, akwai gilashi guda mai baƙin zobe a tsakiya. Ta gane shi nan take. Ta taɓa birkita durowoyi tana nemansa, da ba ta samu ba ta haƙura, daga baya ma ta manta da shi.

"Allah sarki, Malam," ta ce. "Ki ce wa Umma na karɓa, na gode. Allah ya jiƙansa."

A cikin idon madubin na dama akwai 'yar ƙaramar rula, layuka ne kawai a jere. Layukan ba su da wani tsawo nasu na kansu, kowane madubi da yadda yake faɗaɗa su. Wannan gilashin da aka maido shi ne rular gaskiya. An zana masa layuka da tsakanin kowane biyu maikiron goma ne cif, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, da shi ake gane nawa ne layi ɗaya na rular ido. Malam Sake ya yi wannan lissafin da kansa, ya rubuta a takarda da shuɗin biro, ya manna a bango daidai saman teburin. Layin ƙarshe na takardar ya ce: idon ɗari, da mai, layi ɗaya sifili da ɗigo takwas. Anti Gwaji ta haddace shi kamar lambar wayarta.

Sai bayan ƙarfe biyu layin marasa lafiya ya ƙare. Ba wani zargi ya sa ta ɗauko gilashin ba, kewar mutumin ce kawai. Ta ɗora shi, ta nemo layukan da idon goma, mai faɗaɗa abu sau goma, ta koma na arba'in, sannan ta karkatar da idon gefe ta ɗiga mai ɗigo ɗaya a inda hasken ya taru. Ta juyo da idon ɗari a hankali har bakinsa ya taɓa man, hasken ya ɗan yi walƙiya a gefen gilashin. Ta murɗa ƙaramin mariƙin kaɗan kaɗan. Layukan suka fito baƙaƙe, masu kauri kamar sandunan taga.

Ta daidaita farkon rular ido da layi ɗaya, ta ƙirga zuwa na gaba. In takardar bango gaskiya ce, layi goma sha biyu da rabi ya kamata ta samu. Goma ta samu.

Ta ɗago ta murza idanunta. Ta sauke gilashin, ta goge shi da takardar goge ido, ta goge bakin idon ɗari, ta sa sabon mai. Goma. Ta yi na uku, wannan karon tana ƙirgawa a fili, ɗakin ba kowa sai ƙarar firij. Goma cif, ba ragi ba ƙari. A wannan madubin layi ɗaya maikiron ɗaya ne.

Sai ta tuna. Shekara uku da suka wuce aka kawo sabon madubi, tsohon ya gaji aka kai shi sito. Sabon bai zo da rula ba. Ita ce da hannunta ta zare idon tsohon ta zura a sabon, ya shiga daram kamar don shi aka yi. Har ta kira nas mai allura ta nuna mata dabararta. Takardar kuwa tana nan a bango, da rubutun Malam, babu wanda ya taɓa ta.

Abin da ya sa gumi ya karyo mata shi ne ƙwayoyi biyu da ake gani a bahaya. Kamarsu ɗaya kamar an tsaga kara, girma kaɗai ke raba su a madubi. Wadda ƙwansonta bai kai maikiron goma ba 'yar zaman lafiya ce, ba a ma ba ta magani. Wadda ta kai goma ko ta wuce ita ce ake tsoro, tana kawo atini, wani lokaci ta bar hanji ta haura hanta. Layi goma sha biyu sau sifili da ɗigo takwas, tara da ɗigo shida ke nan. Ƙarama. Layi goma sha biyu sau ɗaya, goma sha biyu.

Da yamma maigidanta ya tarar da ita zaune a bakin gado da takalmin aiki a ƙafarta. Ya saurare ta har ta gama, yana jujjuya makullin shagonsa a yatsa.

"To ai takarda ce ta yi ƙarya, ba ke ba," ya ce.

"Takardar ba ta yi ƙarya ba, Abban yara. Maganar tsohon madubi take yi. Ni ce ban tambaye ta ba."

"Wa ya sani bayan ke?"

"Babu."

Mutumin kirki ne, bai faɗi abin da ya zo masa baki ba, amma ta ji shi sarai, don ita ma shi take ta juyawa tun a hanya. Takarda ɗaya ce. A cire ta, a rubuta sabuwa, a manna.

Washegari ta cire ta kuwa. Wurin ya bar fari fat a jikin bangon da ya yi duhu. Ta ninke takardar ta sa a aljihu, ta rubuta sabuwa, amma ta kasa mannawa. Duk wanda ya leƙo ta taga ya miƙo kwalba, sai ta ga kamar farin wurin yake kallo.

Malam Sake ya bar musu wata ɗabi'a da likitoci ke yi wa dariya. Duk gilashin da aka rina aka ga wani abu a ciki, sai a rufe shi da siririn murfi, a rubuta lamba, a jera a akwatin katako cikin kabad ɗin ƙarfe. Anti Gwaji ba ta taɓa fasawa ba. Ranar Asabar, da ba a buɗe ɗakin sai don gaggawa, ta zo tun ƙarfe bakwai na safe ta kulle ƙofa ta ciki. Ta ɗauko manyan littattafan sakamako uku, ta bi su shafi shafi da yatsa. Sau arba'in da ɗaya ta rubuta "ƙarama, ba ta cutarwa" tun zuwan sabon madubi.

Ta jera gilasan a kan farin tawul. Ɗaya bayan ɗaya: a goge ƙura, a nemo wuri da idon goma, ɗigon mai, idon ɗari, a nemo ƙwanso, a juya rula ta ratsa shi ta tsakiya, a ƙirga. Na farko layi bakwai. Ta sauke numfashi. Na biyu takwas. Na uku goma sha ɗaya. Ta ajiye shi a hagu.

Kafin azahar na hagu sun zama takwas. Ta ɗauki na gaba, ta duba lambar a littafi, sai hannunta ya tsaya a kan sunan.

Mai walda ne. Shekara biyu da suka wuce ya zo da ciwon ciki da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Dogo ne, mai ƙone-ƙonen tartsatsi a bayan hannu, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya leƙo ta taga ya ga kujerarta mai ƙafa uku tana rawa, an tokare ƙafa ɗaya da kwali.

"Anti, ranar da wannan kujerar za ta kayar da ke, don Allah a kira ni in zo kallo," ya ce.

"Kawo kwalbarka ka tafi, malam, ba kujera ce ta kawo ka ba."

Bai tafi ba. Ya zagayo ya ɗauke kujerar a kafaɗa, ta wuni tana aiki a tsaye tana mita. Washegari ya dawo da ita an ɗinke ƙafar da ƙarfe, har ya shafa mata shuɗin fenti. A ranar sakamakonsa ya fito, ita ce ta faɗa masa da bakinta kafin ya ga likita.

"Lafiyarka ƙalau. 'Yar ƙaramar baƙuwa ce a cikinka, ba ta cizo."

"To a bar ta ta zauna," ya ce yana dariya. "Ni ba na korar baƙo."

Ta ɗiga mai a gilashinsa. Rinin bai koɗe ba ko kaɗan. Ƙwanson na nan zagaye, shuɗi-kore, da 'yan idanu huɗu a ciki, a kwance yadda ta bar shi. Ta ɗora rula. Goma sha biyu. Ta nemo wani a gefen gilashin, shi ma goma sha biyu.

Ta miƙe daga kan kujerar, ta tura ta ƙarƙashin tebur da ƙafa. Sauran gilasan a tsaye ta gama su, bayanta na ciwo. Ashirin da bakwai ƙanana ne da gaske. Goma sha huɗu manya ne.

Ranar Litinin ta shiga ofishin Likita kafin ya fara ganin mutane. Dattijo ne mai yawan cire tabarau yana mayarwa. Ta ajiye masa tsohuwar takardar, da jerin sunaye goma sha huɗu, da bayanin da ta rubuta da hannunta. Ya karanta sau biyu.

"Kin san dai girma kaɗai ba ya yanke hukunci," ya ce. "Cikin manyan ma akwai wadda ba ta yin komai, madubi ba ya raba su. Zai yiwu rabin mutanen nan ba abin da ya same su."

"Na sani, Likita. Amma da na rubuta babba, da me za ka yi?"

Ya cire tabarau. "Da na ba da magani."

"Shi ke nan tambayata."

"Dole in kai wannan sama, Anti. Ba zan iya rufewa ba."

"Don ka kai na rubuto."

Kwana uku suna buga waya, ita da nas mai allura. Sun samu mutum goma sha ɗaya. Wasu sun yi mamaki, wasu sun ce sun daɗe da warkewa. Wata malamar makaranta ta ce shekara guda ke nan tana fama da ciki ana ce mata ulsa ce, ta zo washegari ta zazzaga wa Anti Gwaji faɗa a gaban layi har sai da aka riƙe ta. Anti Gwaji ta tsaya ta sha, sannan ta miƙa mata kwalba. Lambar mai walda kuwa sau bakwai ana cewa a kashe take.

Ranar Alhamis bayan tashi daga aiki ta nufi layin masu walda, inda littafi ya nuna. Ƙara ta cika titin, ƙofofin ƙarfe a jingine da bango, wayoyi a ƙasa kamar macizai. Ta tsaya a shago na huɗu ta faɗi sunan. Wani mai furfura ya kashe injinsa, ya ɗaga baƙin gilashin fuskarsa ya dube ta.

"Ƙanina ne. Aiki kika ba shi?"

"A'a. Daga asibiti nake."

"Ai ya rasu, baiwar Allah. Bara."

Ta ji ƙarar titin ta yi nisa, kamar an toshe mata kunne da auduga. Ta tambayi gidan. Ya nuna mata da sandar walda: lungu na biyu, ƙofa mai zanen ganye.

Shi ya ƙera ƙofar, ba sai an faɗa mata ba. A ciki ma haka. Gadon ƙarfe, kantar ƙarfe, abin rataye kaya, har ɗan teburin da matarsa ke guga a kai, duk shuɗin fenti iri ɗaya da ƙafar kujerarta. Matar ba ta wuce talatin da 'yan kai ba. Maman Biyu ake ce mata, kayan makarantar tagwayenta mata take gogewa. Ta shimfiɗa wa baƙuwar tabarma ta kawo ruwa, a zatonta gaisuwa ce ta makara.

Ba ta jira an tambaye ta ba ta fara ba da labarin, kamar wadda ta saba ba da shi. Zazzaɓi ne ya fara, da ciwo a gefen dama ƙarƙashin haƙarƙari. Aka ce taifod ce, ya sha magani a kemis. Wata biyu yana zuwa shago yana dafe da gefe, yana cewa ƙarfe ne ya buge shi. Ranar da ya kasa miƙewa aka kai shi babban asibiti, suka ce ƙurji ne a hanta, ya riga ya fashe. Kwana huɗu ya yi.

"Sun tambaye ni ko ya taɓa yin atini," in ji Maman Biyu, tana juya hannun 'yar riga. "Na ce ya dai yi ciwon ciki, an gwada an ce ba komai."

Anti Gwaji ta ajiye kofin. Ta shirya kalmomi tun a hanya, duk suka gudu.

"Ni ce na gwada," ta ce. "Kuma ba daidai na auna ba. Akwai abin da ya kamata a ba shi magani a kansa, na rubuta cewa ba komai. Satin da ya wuce na gano. Likita ya ce ba za a iya rantsewa ita ce ta taɓa hantar ba. Ni dai abin da na sani na zo in faɗa miki."

Maman Biyu ta tsayar da dutsen gugar a gindinsa. Ta miƙa hannu ta kashe soket. Ta daɗe tana kallon rigar da ke gabanta.

"Ke ce kika ce ba ta cizo?"

Anti Gwaji ta sunkuyar da kai.

"Ya zo ya ba mu labari a nan ɗakin. Muka yi ta dariya. In ya ci abinci da yawa sai ya ce shi da baƙuwarsa ne." Muryarta ba ta tashi ba. "Ki tashi ki tafi, Anti. Yara sun kusa dawowa daga lesin, ba na so su same ki."

Anti Gwaji ta miƙe. Ta ciro kwalabe uku daga jaka ta ajiye a bakin tabarmar.

"Ana ɗaukarta a gida ɗaya, ta ruwa ko ta hannu. Ya kamata a duba ku ke da yaran. In ba kya so ni in duba, ki kai ko'ina."

Matar ba ta kalli kwalaben ba.

Takardar gargaɗi ta fito daga sama a satin, aka kuma kafa doka cewa duk wata shida a auna rular kowane madubi, mutum biyu su sa hannu. Ba a kore ta ba. Nas-nas suka rage tsokanarta, abin da ya fi faɗan malamar makarantar yi mata ciwo. Aikinta ya yi nauyi. Gilashin da da take gamawa cikin minti biyar yanzu sai ta yi ashirin a kansa, ta rubuta sakamako, ta soke, ta sake sa mai. Layi ya riƙa kaiwa har bakin famfo. In ta rufe ido a motar haya, zagayayyun abubuwa shuɗi-kore ke yawo a cikin duhun, kowanne da rula a kansa. Sau biyu ta juya da sauri don ta ji kamar mutum dogo ya tsaya a taga, sai ta tarar labule ne. Kujerar tana ƙarƙashin tebur. Mai shara ta jawo ta sau ɗaya, Anti Gwaji ta mayar.

Kwana goma sha biyu da zuwanta gidan mai walda, wajen ƙarfe goma na safe, aka ajiye leda a kan taga. Kwalabe uku ne a ciki, kowace an ɗaura mata zare mai launi daban. Maman Biyu na tsaye, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Ja nawa ne. Fari na babbar, kore na ƙaramar." Ta turo ledar gaba. "Kin ce kwanan nan kika gano. Yaya aka yi kika gano, mutum ya shekara a ƙasa?"

"Gilashinsa na nan. Ba ma zubarwa."

"Ina so in gani."

Ba a shigar da kowa ɗakin, amma Anti Gwaji ta buɗe ƙofa. Ta sa matar ta wanke hannu, ta ɗauko gilashin daga akwati, ta nuna mata lambar da ranar. Ta ɗiga mai, ta saukar da idon ɗari, ta nemo ƙwanson ta kawo shi tsakiya, ta ɗora masa rula. Sannan ta matsa gefe.

Maman Biyu ta sunkuya. "Ban ga komai ba sai gashin idona."

"Ki ɗan ja baya kaɗan. Kada ki rufe ɗayan. Ki bari hasken ya zama guda ɗaya."

Sai kafaɗun Maman Biyu suka tsaya cak.

"Wannan mai kama da ƙwallo?"

"Shi ne."

"Wannan ɗan abin?"

"An faɗaɗa shi sau dubu ma ke nan."

"Layukan nan fa?"

"Su ne awon. Ki ƙirga daga gefen hagu zuwa na dama."

Ta ƙirga a hankali, leɓunanta na motsi, kamar mai koya wa yaro. "Goma sha biyu."

"Haka na samu ranar ma. Ƙirgar daidai ce. Lissafin da na yi da ita ne ba daidai ba."

Maman Biyu ba ta ɗago ba. Ta daɗe a sunkuye, har wani ɗigo ya sauka a kan teburin kusa da kwalbar mai. Da ta miƙe ta share fuska da bakin mayafi.

"Asibitin can ko takarda ba su ba ni ba," ta ce. "Ashe a nan aka ajiye wani abu nasa." Ta dubi Anti Gwaji ido cikin ido. "Ban zo in ce na yafe ba, Anti. Ban kai nan ba tukuna, ban san ko zan kai ba. Na kawo miki ne don yanzu duk garin nan babu wanda zai duba na 'ya'yana da tsoro kamar ke."

"Gobe da hantsi za su fito."

"Zan zo. Ni ma zan ƙirga."

Ta zo kuwa. Nata babu komai, na babbar ma haka. A gilashin ƙaramar Anti Gwaji ta yi rabin awa kafin ta samu ƙwanso ɗaya a can gefe, inda rinin ya yi siriri. Ta ƙirga, ta matsa, uwar ta ƙirga. Goma sha uku. Likita ya rubuta magani iri biyu, ya yi bayanin yadda za a sha, ya ce a dawo da yarinyar bayan an gama. Aka dawo da ita, aka duba sau uku a ranaku daban-daban, ba a ga komai ba. Ranar ƙarshe Maman Biyu ta karɓi takardar ta taga, ta karanta, ta ce, "To." Ta kama hannun 'yarta suka tafi.

Saura mutum biyu a jerin. Ɗaya tsoho ne mai gadi, nas mai allura ta gano shi ta wajen surukinsa, yana nan garau yana faɗa da jikoki. Ɗayar mace ce, shekara talatin da huɗu, babu lambar waya. A gurbin adireshi wanda ya yi mata kati ya rubuta "bayan tasha" kawai.

Tashoshi uku ne a garin. Anti Gwaji ta gama da bayan ta farko a Asabar biyu, ba ta samu ba. A Asabar ta uku maigidanta ya sauke ta a bayan ta biyu, ya ce zai jira a mota, ta ce ya tafi shago kada ya yi asarar wuni. Ta fara da mai shagon da ke bakin lungu. Ya karanta sunan a takardarta, ya sosa ƙeya.

"Masu wannan sunan a nan sun kai biyar, Hajiya. Doguwa ce ko gajera?"

"Ban sani ba," ta ce. "Ban tuna fuskarta ba."

"To me kika sani nata?"

Ta dubi takardar da ke hannunta. Sai mai shagon ya fito ya nuna mata gidajen da hannu, ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke can ƙarshe kusa da injin niƙa. Ta yi masa godiya, ta gyara jakar kwalaben a kafaɗarta, ta taka zuwa ƙofar farko ta yi sallama.